Gyaran Anti

Layi ɗaya tak Injiniya ta sauya a tsarin manhaja, kuma ko gezau ba ta yi ba. Manhajar da kamfaninsu ke yi tana ajiye kowane gyara da mutum ya yi wa rubutunsa, har da reshen da ya ware gefe don gwaji. Tun asali, in ba ka taɓa saitinta ba, ba ta zubar da komai. Injiniya ta ce tarkace ya yi yawa: daga yanzu duk reshen da ya shekara ba a buɗe ba, a share shi, sai wanda ya shiga saiti ya hana.

Dogo, abokin aikinta, ya ce, "Haba, a bar wa tsofaffin masu amfani yadda suka saba mana."

"Wa ke barin aiki shekara guda bai leƙa ba?" in ji ta. Taurin kai gare ta, Allah ya sani, kuma maganarta aka bi.

Ranar Asabar da hantsi ta je gaida Kawu, tsohon malamin makaranta mai rubuta littafin sunayen itatuwa. Ita da hannunta ta sa masa manhajar shekara shida da suka wuce. Ta tarar da shi zuru gaban kwamfuta, tabarau a goshi, shayinsa ya huce.

"Yawwa, 'yar nan, zo ki duba min. Jiya na sabunta abin nan, gyaran Antinki ya ɓace."

Anti, matar Kawu, shekara biyu ke nan da rasuwa, kuma ita ce ta bi littafin shafi-shafi tana gyarawa a reshe na daban daga gadon jinya.

"Kawu, ba ka haɗa gyaranta da naka ba?"

"Ina! In na haɗa, ta yaya zan gane wace kalma ce tata? Na kasa ma buɗewa. Sanin yana nan ya ishe ni."

Innalillahi! Injiniya ta ja kujera, ta tono ko'ina. Wayam. Babu kwafi a waje, don ita ce ta taɓa ce masa wannan manhaja ba ta mantuwa.

Kawu ya sauko da tabaransa, ya dube ta.

"Ki tambayar min a wurin aikinku. Wane ne ya yanke min wannan hukunci bai tambaye ni ba?"

Injiniya ta juyo, ta dube shi.

"Ni ce, Kawu."