Man Shafa na Jikar Jobeda

Sau uku ina kama Khala Jobeda, wato Inna Jobeda, da gorar man sorisha, man ƙwayar mastad mai zafi, a ɗakin bakwaini. Na farko a cikin kwanon shinkafa ta ɓoye ta, na biyu a ƙullin bakin sarinta, dogon zanen da take naɗawa. Na ukun ba sai da na bincika ba, tun daga bakin ƙofa warin man ya bugi hancina, na iske ta ta zura hannu cikin kwalbar da jikarta ke kwance tana shirin murza.

Ni ce Morjina, shekara goma sha tara ina aikin nas a ɗakin nan, kuma kowa ya san ba ni da dogon haƙuri. Na ƙwace gorar, na yi mata wankin babban bargo a gaban mutane. Tsohuwar ko gezau.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "da aka haife ki, da me uwarki ta shafe ki?"

"Da sorisha, Khala."

"Naki 'ya'yan fa?"

"Da sorisha. Amma nawa wata tara suka cika. Wannan wata bakwai ce, fatarta kamar ɓawon albasa."

"To ai ita ce ma ta fi bukata! Kwana shida yarinya ba ta ga mai ba, duk ta bushe. Ɗana zai iso a jirgin ruwan ƙarfe huɗu. In ba ku bari na shafa ba, ya sa hannu a takardarku mu tafi gida."

Na san irinta, ba barazana take yi ba. Jaririyar kilo ɗaya da ɗigo uku ce, ta bututu ake ba ta nono. Awa biyu a kan ruwa a wannan sanyin ba za ta kai gida da rai ba. Uwarta Kohinur tana rakuɓe a jikin bango tana hawaye, ba ta da ta cewa a gaban uwar miji.

Na sami Likita Tofazzal yana zagayen safe, na gaya masa. Ya ce doka doka ce, ba a shigo da man shafa ɗakin nan. Na ce, "Yallabai, ko ɗan ɗigo ne a bar ta, don a tsira da yarinyar?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kawo mini shaida a rubuce, Morjina. Ba na canza doka don wata tsohuwa ta ɗaga murya." Gaskiyar magana, ni kaina ban san dalilin dokar ba. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba da yi, har ina zagin mutane a kanta.

Na duba intanet a waya. Wani ya ce mai yana kashe jarirai, wani ya ce yana ƙara musu basira, wani kuma talla yake yi. Da kaina ya ɗau zafi sai na hau bene na uku, inda laburaren asibiti yake. Rabona da wurin tun ina ɗaliba. A ganina ɗalibai masu gudun aiki ne ke zuwa can su sha iskar fanka.

Bimol Dey ne ke kula da shi, wani siririn dattijo mai tafiyar hawainiya. Na faɗa masa a tsaye, da kiran da muke yi wa babban wa, "Dada, ina son takardar da ta ce mai ba ya cutar da jariri. Kafin ƙarfe huɗu."

"Zauna, Apa," in ji shi, wato Yaya.

"Ba ni da lokacin zama."

"To tsaya. Amma ba zan nemo miki takardar da ta faɗi abin da kike so ba. Zan nemo abin da aka gano, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba. Wane irin jariri?"

"Jariri dai!"

"Cikakke ko bakwaini? Nawa ne nauyinta? Wane mai? Kuma me kike tsoro, sanyi, ko ƙuraje, ko ciwon da ke shiga jini?"

Kamar in shaƙe shi. Amma na amsa, yana rubutawa a 'yar takarda layi-layi, kuma kafin mu gama na ga tambayar tawa ta zama abin da za a iya nema. Ya juya ga kwamfuta ya shiga rumbun da ake tara binciken likitoci na duniya. Da farko rubuce-rubuce sama da ɗari huɗu suka fito. Ya cire na manya, ya cire ra'ayin mutane, ya bar waɗanda aka yi gwaji na gaske a kan bakwaini. Suka dawo goma sha ɗaya. Yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai, ni kuwa idona na kan agogon bango.

"Labari biyu ne, Apa," in ji shi. "Na farko, dokarku tana da rabin gaskiya. Sorisha yana lalata fata mai laushi. Sai dai in gaya miki, wannan a kan ɓeraye aka fi gwada shi."

"Ɓeraye? In je in gaya wa tsohuwar nan ɓeraye? Ai sai ta cinye ni ɗanya."

Ya yi 'yar dariya. "Na biyu, akwai wani mai da aka gwada a kan ɗaruruwan bakwaini, a nan ƙasar, a Dhaka. Man surjomukhi, furen nan mai bin rana. Taƙaitaccen bayanin ya ce waɗanda aka shafa wa sun fi tsira. Amma cikakkiyar takardar a kulle take, asibitinmu ba shi da izinin buɗe ta."

"To ba ni taƙaitaccen!"

"Likita Tofazzal zai tambaye ki sau nawa a rana, kuma wa ya shafa. Me za ki ce masa?"

Na ja kujera na zauna. Ya ɗauki waya ya kira wata abokiyar aikinsa a wani babban laburare a Dhaka, suka ɓata minti biyar cur suna gaisuwa da tambayar ciwon gwiwarta, ni ina ta huci. Ta ce za ta turo bayan azahar.

Na sauko na tarar Khala Jobeda ta riga ta ɗaure kayansu a zani. Ƙarfe biyu da rabi sai ga Bimol da kansa a ƙofar ɗakinmu yana haki, da takardu a hannu. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk abin da ya shafe mu, ya kuma rubuta a gefe: a gwajin, nas-nas ne suka shafa, ba kakanni ba.

"Wannan kuma me ya kai ka rubuta shi?" na ce. "Ka ɓata mini aiki!"

"Abin da ke ciki ke nan, Apa. Hukunci na likita ne."

Likita Tofazzal ya karanta a tsaye, ya koma baya ya sake karanta wani shafi. Ya tambayi nauyin yaran, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon rubutun gefen nan, sannan ya ce, "A samo man a rufe, sabo. Ta wanke hannu har gwiwar hannu, kina tsaye a kanta. Shafawa za ta yi, ba murza ba. In na ji warin sorisha, ke zan kama."

Saura tsohuwa. Na kai mata gorar sabon man, ta buɗe ta shinshina, ta yatsina fuska.

"Wannan ai ba shi da ƙarfi. Ko wari ba ya yi. Da shi masu kuɗi ke soya dankali."

"Khala, da safe na yi miki rashin kunya, ki yafe ni. Ke ce da gaskiya, tana bukatar mai. Sai dai sorisha ya fi ƙarfin fatarta. In ta yi ƙwari, kya san yadda za ki yi da ita."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Sake faɗa."

"Wanne?"

"Wancan, na ni ce da gaskiya."

Na sake faɗa, da ƙarfi, har sauran matan suka kwashe da dariya. Ta miƙa mini hannayenta na wanke mata su da sabulu. Yatsun nan masu kaushi da suka gaji da dashen shinkafa, da suka sauka a bayan yarinyar sai suka yi laushi, tana shafawa tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa. Da ɗanta ya iso da la'asar, korar shi ta yi, ta ce ya tsaya a waje, takalminsa duk ƙazanta.

Sati biyar suka ƙara yi. Akwai kwana biyun da numfashin yarinyar ya ba mu tsoro, amma ta wuce su. Ranar sallama ta kai kilo biyu, kuma a lokacin duk bakwainin ɗakin ana shafa musu man nan.

Da hantsin ranar Khala Jobeda ta ce sai na kai ta wurin mutumin takarda. Muka hau bene tana hutawa a kowane hawa. Ta dire masa ƙullin wainar shinkafa a kan tebur, ta ce ya nuna mata takardar. Ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗan nan, ta yaya suka san man yana aiki?"

"Raba yaran aka yi gida biyu, Khala. Aka shafa wa wasu, ba a shafa wa wasu ba. A lokacin ba wanda ya san wanne ya fi."

"Waɗanda ba a shafa wa ba fa?"

Bimol ya cire tabarau. "Wasu sun rayu. Da yawa ba su rayu ba."

"Karanto mini sunayensu."

"Ba a rubuta suna ba, Khala. Adadinsu kawai."

Ta ajiye takardar a hankali, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta ɗaga hannu. Ta roƙi Allah ya sa yaran da suka rasu su ceci iyayensu, ya sanyaya zuciyar uwayen duk inda suke, ya gaya musu akwai wata yarinya a ƙauyen bakin kogi da za ta je gida yau saboda 'ya'yansu. Bimol, da ba addininmu ɗaya ba, ya miƙe tsaye ya haɗa tafin hannunsa har ta shafa. Ni kuwa kuka na yi sosai, ban ɓoye ba, sannan na riƙe mata hannu muka sauka don kada jirgi ya bar su.