Tanki a Cike, Bututu a Toshe

Shekara talatin mijinta na gyaran famfo, kuma duk wanda ya zo da ƙorafi amsa ɗaya yake samu: "Gobe." Da ciwon shanyewar jiki ya kada shi, sai ya kwashe masa magana kaf, ya bar masa wannan kalmar kaɗai. Ciwo ma ya iya zolaya.

Yara sun watse garuruwa, sai waya jefi-jefi. Gidan ya rage daga ita sai shi, sai famfon kicin da ke ɗiga tun bara, don shi ma an yi masa alkawarin gobe. Wanki da ɗawainiya ba su dame ta ba. Abin da ke cin ranta shi ne ko mutumin nan ya san wadda ke ba shi abinci a baki. Kaɗaici kusa da mutum ya fi na ɗaki wayam ciwo.

Ranar da likita ta ce za a bi sawun ruwa a ƙwaƙwalwarsa, sai matar ta yi saurin tambaya.

"Likita, ruwa ya shiga kansa ne?"

"A'a Mama, kowa na da shi. Akwai zaruruwa da ke kai saƙo daga sashe zuwa sashe, ruwan kuma tsawonsu yake bi, ba ya son ƙetarewa. Na'ura ta ga inda ya nufa, mu kuma mu gane hanyar."

A allon na'urar sai ga zare kore da ja da shuɗi, kamar an tsefe igiya. A hagu wani damin ya sirance, ya yanke.

"Nan magana ke bi ta fita," in ji likita. "Wajen ganewa bai taɓu sosai ba."

"Wato tanki a cike yake, bututu ne ya toshe?"

"Kusan haka."

"Zai buɗe?"

Likita ta gyara takardun gabanta. "Ba zan yi miki alkawari ba."

A gida matar ta zauna bakin gado. "Maigida, ka san ni?"

Ya daɗe yana kokawa da leɓensa, hannunsa mai lafiya na damƙe da nata har ya yi mata zafi.

"Gobe," ya ce, hawaye na bin kuncinsa.

Da sati ya zagayo, babban ɗansu ya turo wani mai gyara ya duba famfon kicin. Ta tare shi a ƙofa.

"Akwai mai shi," ta ce. "Ya ce gobe."