Kafson Baba

Baba kafinta ne, mai buga rufin kwano, amma a unguwa Ga-Naka ake ce masa, don ba ya iya barin baƙo ya fita hannu wofi. In ba ayaba ya ba ka ƙusa, in ba ƙusa ya ba ka kujerar da kake zaune a kai. Ni kuwa Uwata yake kirana. Kunya gare ni har ta yi yawa, ko mai kanti ya ba ni abin da ban tambaya ba, karɓa nake yi in yi godiya.

Ranar da ya faɗo daga rufin wani shago, ƙashin ƙaurinsa ya karye har ya huda fata ya fito waje. Muna isa asibiti, tun kafin a tambayi sunansa, aka sa masa allura a jijiya. Likitar, wata doguwar mata mai tabarau, ta ce ƙashin da ya fito ya taɓa ƙasa ya kwashi ƙwayoyin cuta, don haka ba a jira. Aka shiga da shi tiyata, aka wanke ciwon, aka kafa masa ƙarafa a wajen ƙafar.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon ƙarafan.

"Wa ya yi wannan aikin? Ko gwaji bai yi ba, ga shi nan ya karkace."

"Ni na yi, Baba," in ji Likita.

"To, ya yi kyau."

Ranar sallama Likita ta miƙo mini kwalbar kafso. Uku a rana, sati biyu. Ta ce gefen ciwon bai gama kwanta mata a rai ba, in aka yi fashi ƙashin zai ruɓe, in ya ruɓe sai dai a yanke ƙafar. Na gyaɗa kai. A gida na ɗauki fensirin aikin Baba, duk kafson da na miƙa masa sai in ja layi a bayan ƙofa.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Baba yana kwance, hannunsa ba ya kai wa komai sai tebur, a kan tebur kuma ba komai sai kwalbar.

Tela ne ya fara. Ya shigo riƙe da kumatu yana kukan haƙori.

"Haƙori? Abin da ke gyara ƙashi ai haƙori wasa ne a wurinsa. Ga naka."

Kawu ya zo da maruru a inda ba ya iya zama, ya samu huɗu. Gwaggo, yayar Baba, ba abin da ke damunta, amma kazarta tana tari.

"Yaya, kaza fa?" in ji Baba.

"Ita ba rai gare ta ba? Kai da ko ƙwai ba ka yi an ba ka kwalba guda."

Ya ba ta biyu. Ina tsaye bakin ƙofa da tire, maganar ta zo mini har maƙogwaro ta koma.

Da ya ga kwalbar tana ja da baya, sai ya fara tattali. In na miƙa masa ya ce, "Ajiye nan, Uwata, ruwan ya huce." Ruwan randa ne. Daga baya na ga ashe mayar da shi yake yi cikin kwalba, don kada baƙo ya zo ya tarar ba komai. Na daina jan layi a ƙofa, na samu guntun katako na koma zana wanda ya karɓa: almakashi na Tela, kujera ta Kawu, kaza ta kaza.

Kwana na shida ƙafar ta yi ja, ta yi zafi, wani ruwa yana fita gindin ƙarfe ɗaya. Muka koma asibiti ni da Gwaggo, katakon yana cikin mayafina.

Likita ta buɗe bandeji, fuskarta ta canja.

"Baba, ana shan maganin?"

"Ana sha ƙwarai. Ba a taɓa kwana ba a sha ba."

"Ni shaida ce," in ji Gwaggo. "Magani ne mai kyau."

Likita ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce in har yana sha kuma ciwon ya yi haka, to ƙwayar cutar ta fi ƙarfin maganin ke nan, wataƙila ta riga ta shiga ƙashi. Za ta buɗe ta gani, amma mu shirya zuciyarmu, don ba ta yi alkawarin zai fito da ƙafar ba.

Baba ya dubi ƙafarsa, ya dubi silin. Na san shi, ya gwammace a yanke da a ce ya tona mutanen da ya yi wa kyauta.

"Ana sha," na ce. Ni kaina ban ji muryata ba.

"Me kika ce, ƙanwata?"

"Ana sha, amma ba shi ke sha ba."

Na fito da katakon. Likita ta mayar da tabarau ta bi zanen da yatsa.

"Wannan almakashin fa?"

"Tela. Haƙori."

"Kujera?"

"Kawu. Ba ya iya zama."

"Wannan kuma agwagwa ce?"

"Kaza ce," in ji Gwaggo a fusace, "kuma ta warke."

Wata nas da ke bayanmu ta fita da gudu riƙe da baki. Likita ba ta yi dariya ba, sai da ta wanke Baba tas, ta ce rabin magani koya wa cuta faɗa yake yi, a jikinsa da jikin duk wanda ya ba. Amma na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce tunda ba maganin ne ya gaza ba, akwai sauran dama.

Aka sake kwantar da shi. Ta wanke ciwon, ta jera wasu ƙananan duwatsu masu magani a zare kamar tsakiyar ado, ta sa su cikin ciwon ta rufe. Sauran maganin kuma ta jijiya.

"Wannan a cikin ƙafa na ɗinke shi," ta ce masa. "In ga ta inda za ka yi kyauta da shi."

Sati guda bai yi mini magana ba, sai dai ya ce wa bango, "A gaya wa mai katako ina son ruwa." Jan ciwon ya baje, ruwan da ke fita ya tsaya, ƙafar ta zauna.

Ranar da aka ciro duwatsun, nas ta zo wucewa da su a faranti. Gwaggo ta miƙa wuya ta ce ashe farare ne masu kyau. Na ga hannun Baba ya fara tashi.

"Likita, in ba za ku yi amfani da su ba, Yaya tana..."

"A'a!" na ce, har mai gadon kusa ya zubar da shayinsa.

Baba ya mayar da hannunsa ƙarƙashin bargo. Can ya lalubo cokalin asibiti ya miƙo mini.

"To, Uwata. Ga naki."

Na karɓa na yi godiya, na mayar wa nas a ɓoye.