Sunan da Aka Sa a Layin Godiya

'Yata ta mayar wa Farfesa takardar bincikensa ba ta sa hannu ba. Ina wurin. Na je ofishinta ne ta kai ni a duba mini ido, ta ce in zauna kusa da taga in jira.

Aikinta kula da masu nazarin bayanai, su goma sha ɗaya. Likitoci su ɗebi jini su auna, waɗannan kuma su zauna gaban kwamfuta su fito da abin da lambobin ke faɗa. Ita ke nema musu horo da wurin aiki. Shirin horon yana da doka: wanda shekara ta zagayo sunansa bai fito a saman takardar bincike ba, sai ya bar wa wani gurbinsa.

Akwai wata a cikinsu da suke kira Shiru-shiru. Wata bakwai ta yi tana tsefe sakamakon masu ciwon sukari dubu huɗu. Farfesa ya jera likitoci shida a saman takarda, ita kuwa ya jefa ta can ƙasa, a layin godiya, tare da direba. Saura mako biyu shekararta ta cika.

"Haka muka saba," in ji Farfesa. "Wanda ya taɓa majiyyaci shi ke hawa sama."

"To, ranka ya daɗe," in ji 'yata, "ga allo, ga alli. Nuna mana yadda aka samu jadawali na uku."

Ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon jadawalin. Sai ya juyo wurina.

"Baba, haka take a gida?"

"Ta fi haka," na ce.

Ya yi dariya har da tari. Ya zaro biro, ya ja kibiya daga ƙasan takarda zuwa sama, ya rubuta sunan yarinyar a matsayi na biyu.

Aka kira ta. Ta karanta, ta sake karantawa, ta toshe baki da hannu. Abokan aikinta suka cika ƙofa suna tafi. Wani dogo a cikinsu ya ce yau dole Shiru-shiru ta yi jawabi. Ta ce, "Na gode." Suka ce jawabin ya yi tsawo.

Farfesa bai rufe bironsa ba. Ya dubi 'yata.

"Shugaba, bari in ƙara naki. Akwai sauran fili."

"A'a, ranka ya daɗe. Ban taɓa lamba ko ɗaya ba. Kada ka sa."