Burodi da Yunwa

"Sake," in ji Mushe Fadilu, yana riƙe da ɗan tsagin takarda dab da leɓen Biba.

Ta sake. Takardar ko gezau. Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon kunun da na kawo masa, raina a ɓace. Sati uku ke nan ɗiyata na hura wa takarda iska kamar mai hura wuta.

Mushe Fadilu, wato Malam Fadilu a bakin 'yan boko, maƙwabcinmu ne a Gure, katanga ɗaya ta raba mu. Ya fi shekara talatin yana koyar da karatu a lakwal, wato makarantar boko, daga Kelle har Bune, kafin ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Ni na kai masa Biba. Shekara biyu ta yi a aji ɗaya, direkta, shugaban lakwal ɗin, kuma ya ce babu ta uku: bayan wata biyu zai saurari karatunta da kansa, in ta kasa sai gida. Ni ban yi lakwal ba, na kuma rantse ba za ta gaje ni ba.

Tun ranar farko ya gano matsalar. Ya ce yarinya ba daƙiƙiya ba ce, bakinmu ne, don p da f na Faransanci a Hausa abu ɗaya ne. Ya rubuta pain, wato burodi, da faim, wato yunwa, ta karanta su iri ɗaya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, wai a bakin Biba burodi da yunwa duk ɗaya. Na ce a gidanmu ma kusan haka ne. Shi ne ya yago takardar, ya ce in p ya fito daidai za ta yi tsalle.

Ranar da takardar ta yi tsalle har guɗa na yi. Ashe ban ga komai ba. Kwana biyu sai Biba ta ci karo da téléphone, ta fasa p ɗinta da ƙarfi, ya ce a'a, nan f ne. Wallahi na ji kamar in kwashe ɗiyata. Na ce, Baba Mushe, wata guda kana raba su, yau kuma ka haɗa? Ya ce in zauna in ji. Kalmomi ma suna da asali. Wannan daga Girkawa ta zo, kuma a nasu duk inda p ya jingina da h, f ne. Télé nesa, phone murya. Wasu kuma daga Latin, kamar port, ɗauka, da ke cikin transport. Daga nan Biba ta hana ni sakat a kasuwa, kowane allo sai ta tsaya ta karanta, pharmacie, photo, ni da kaya a kai.

Shi kuwa numfashinsa kullum raguwa yake. Har ya kai ba ya iya motsa takardar da bakinsa, sai dai ya riƙe mata. Matarsa Inna Huda ta yi ta roƙon a mai da shi asibiti Damagaram, ya ce sai bayan Litinin, ranar direkta.

Litinin da safe na same shi an jingina shi da matashi, leɓensa a bushe. Tsoro ya kama ni, na ce Biba ta zauna gida yau. Ya girgiza kai.

"Habsu, bar ta ta tafi," ya ce mini da ƙyar. Ya dubi Biba. "Me kika ci yau?"

"Pain, Mushe."

Takardar da ke hannunsa ta yi tsalle. Ya lumshe ido, ya nuna mata ƙofa.

Da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Na yi kuka kamar ubana ne ya rasu, amma na hana kowa zuwa lakwal ya gaya wa Biba.

Kafin azahar sai ga ta a guje, tana kiran Mushe tun daga bakin titi, wai direkta ya ce ta wuce, ko kuskure ɗaya babu. Ta ga takalma jere a ƙofar gidan, ta tsaya cak.

Inna Huda ta fito, ta danƙa mata ɗan tsagin takardar. Biba ta ɗaga ta dab da bakinta kamar kullum. Kuka ya ƙwace mata, takardar sai rawa take yi da numfashinta.