Na Farko Ba a Ɗaga Shi

Tun kafin mu bar gaɓar garin Champotón muka yi yarjejeniya da mahaifina, Don Casimiro: in kafaɗarsa ta sake cin amanarsa yau, ya gama fita teku. Shekararsa saba'in da huɗu, ga taurin kai kamar ƙoƙon kwakwa.

Da hantsi muka tsaya a saman wani tsohon jirgin kamun jatan lande da ya nutse. Na'urar hango kifi ta nuna manyan kifayen da ake kira coronado jibge a ƙasa, amma ko kallon ƙugiya ba su yi ba. Na sa musu kifi mai rai, na canza koto sau uku. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

"Nereida, lallashinsu kike yi kamar surukanki," in ji Baba. "Coronado ba yunwa ke sa shi ci ba, hassada ce."

Ya ɗauki kulki ya hau dukan gefen kwale-kwalen, ya ce in ƙara wa inji wuta, don ƙarar ta zuga kifayen. Sannan ya saki koton ƙarfe har ƙasa, ya dinga fizgo shi da gudu. A fizga ta uku sandar kamun kifin ta lanƙwashe.

Da kifin ya taso, na miƙa ƙugiyar ɗagawa.

"Kul! Na farko ba a ɗaga shi. Bar shi a ruwa, 'yan'uwansa za su biyo shi su ga abin da ya samu."

Suka kuwa biyo, suna zagaya shi. Ina jefawa ina cirowa, har bakwai. Shi kuma yana riƙe da na farkon, ƙaton kifi yana jan sa kamar zai tsige masa hannu. Na ga kafaɗar ta fara cin amanarsa, na kau da kai. Tausayinsa ya kama ni, sai na yanke zan yi kamar ban gani ba.

"Kafaɗa ras, Baba," na ce. "Gobe ma da kai."

"Ke tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba." Ya miƙo mini sandar da hannun hagu, don na daman ya ƙi ɗaguwa. "Ungo. Don ki ga yadda ake yi na riƙe shi. Ba zan sake nuna miki ba."

Na ɗaga kifin. Baba ya zauna kan akwatin ƙanƙara, ya juya wa gaɓa baya, yana kallon ruwa har muka iso gida.