Tsintsiyar da Ta Tokare Filogi

“An jima” ciwo ne, kuma mai shi ba ya zuwa asibiti, don ko maganar asibitin aka yi masa sai ya ce an jima. Mai Kifi yana da shi, irin wanda ya ci jiki.

Da safen nan yana durƙushe bayan babban firjinsa yana fama. Noti ɗaya ne ya kwance a jikin soket tun bara, filogi ba ya zama sai an danne shi. Maimakon ya ɗaure notin, sai ya tokare filogin da tsintsiyar shago mai doguwar sanda, gindinta ya dafe ƙafar tebur. Firji ya ɗau gurnani. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa kamar wanda ya ƙera jirgi.

Mai gyaran wuta, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo.

“Injiniya, har yau tsintsiya ce ke riƙe da arzikinka? Matsa in ɗaure maka, kafin ka haɗiye yawu na gama.”

“Bari in sha shayi tukuna. Ita wannan ba ta taɓa ba ni kunya ba.”

“Ɗan hakin da ka raina dai.”

“Je ka yi wa waya wa'azi.”

Ranar kuwa firjin cike yake har baki, don mai gidan abincin da ta fi kowa sayen kayansa ta ce ya ajiye mata duka, jibi da sassafe za ta ɗauka, tana da babban taro.

Da azahar sai ga surukarsa, ta biyo daga asibiti. Tsohuwa ce da ba ta iya ganin datti ta ɗauke kai. Ko gaisuwa ba su gama ba ta hango ɓawon kifi a ƙasa.

“Ɗan nan, a cikin wannan ƙazanta kake sayar wa mutane abin ci? Ina tsintsiya?”

Ba ta jira amsa ba, ta miƙa hannu bayan firji ta zaro ta. Gurnani ya ɗauke ɗif. Mai Kifi ya ji, har cikin haƙarƙarinsa ya ji, amma wa zai ƙwace tsintsiya a hannun suruka?

“Inna, da kin bari.”

“Barin ne ya kawo ku nan.”

Ta share tas, ta jingine ta bakin ƙofa. Taku ɗaya ne tsakaninsa da filogin. Ya ce a ransa bari ya raka ta tasha tukuna. Ya ɗauki jakarta, ya datse kwaɗo.

A hanyar dawowa ya tarar ana kallon ƙwallo a rumfar mai shayi. Ya ce ai ƙanƙara ba ta narkewa don an yi mata shiru. Aka tashi wasa, aka shiga gardama, gardama ta kai shi gida. Washegari kasuwa na hutu. Yana kwance ya tuna, ya juya ɗaya gefen, ya ce an jima. An jima ta haifi gobe.

Ƙudaje sun riga shi zuwa shago. Ya tarar da maƙwabta cirko-cirko, kowa da hannu a hanci, wani baƙin ruwa na tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mai gidan abinci ta iso da motar haya, ko sauka ba ta yi ba.

“Wannan ne kayan nawa?”

“Hajiya, ki ɗan ba ni zuwa an jima.”

Ta ce da direba ya wuce shagon gaba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Mai gyaran wuta ya ɗaure hanci da hankici, ya shiga, ya murɗa notin, ya fito. Firji ya ɗau gurnani a kan mushe.

“Ka sha shayin?” in ji shi.

Ga abin da ya tafi: kifi kaf, wanda ko kyanwar layin ta shinshina ta yi gaba; mai gidan abinci, da duk masu sayen da bakinta ya kai gare su; firjin da aka wanke har hannu ya saɓule bai daina wari ba; da sunansa, don tun daga ranar nan, 'yan kasuwa ke kiransa Mai Turare. A gida ma bai sami bakin magana ba, matarsa ta ce ya kuskura ya ambaci uwarta.

Tsintsiya ce kaɗai ta tsira lafiya lau. Da ita ya share tsutsa.